Jita Mai Tsirkiya Sha Biyu a Gidan Malamai

Yayana ba ya iya riƙe kyauta. Wannan ce matsalarsa tun muna yara, kuma ita ce ta kai ni kasuwar Sabon Gari da azumi a bakina ina neman jita.

Mu gidan malamai ne, a wani ƙauye tsakanin Bici da Kano, irin ƙauyukan nan da gona ke manne da gona, gida ke jingine da gida, in ka yi atishawa a bayan ɗakinka maƙwabci ne zai fara ce maka yarhamukallah. Babanmu yana da makarantar allo a zaure, yana da 'yan gonakinsa. Lokacin da ya rasu Yaya yana tsakiyar karatu a kwalejin horar da malamai ta Bici. Ya tattaro littattafansa ya dawo gida, ya hau buzun Baba, ya ɗauki fartanyarsa. Ni ce auta, kuma da gyaɗa da barkonon da ya noma aka yi mini karatu har na zama ma'aikaciyar jinya. Yanzu ina zaune a Rijiyar Zaki da maigidana da yara.

Tun da na fara ɗaukar albashi, duk ƙaramar sallah sai na kai masa goron sallah. Shekarar farko farar shadda na ɗinka masa, da aikin hannu a wuya. Ranar idi na hange ta a jikin ladan. Na saya masa agogo, na tsince shi a hannun wani tsohon ɗalibinsa da zai yi aure. Sai na yi dabara na sayo takalmi, domin ƙafar Yaya babba ce, na tabbata duk ƙauyen babu mai irinta. Da na koma gida da damina, sai ga mai kai masa taki gona yana jan takalmin, ya cusa tsumma ta gaba don kada ya fita.

Abin da mutum yake buƙata kawai shi ne ya dubi abu a jikin Yaya ya ce, "Kai, wannan ya yi kyau." Shi ke nan, ya cire ya miƙa. Mutanen ƙauyenmu kuwa ba su da rowar yabo. Su suna cewa Malam mutumin Allah ne, ni kuma abin yana ƙona mini rai. Na taɓa tare shi na yi masa faɗa, ya yi murmushi ya ce, "Auta, ai lada biyu kika samu." Na ce masa ni ba lada na zo nema ba. So nake in ga abu ɗaya tak a duniyar nan wanda yake nasa, wanda zai zauna a hannunsa.

To akwai abin da na sani game da Yaya wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Wani hutu, yana kwaleji ni kuma ina ƙarama, Inna ta aike ni rumbu in ɗebo dawa. Na hau na leƙa, sai ga Yaya zaune a ciki a kan dammuna, ya rungume jitar da ya aro wurin abokinsa, yana taɓa ta a hankali don kada Baba ya ji daga zaure. Bai gan ni ba. Irin fuskar da na gani a rumbun nan ban sake ganinta a kansa ba, ko ranar aurensa. Har yanzu in yana sauraron yara suna biya karatu, za ka ga yatsun hannunsa na hagu suna tafiya a kan gwiwarsa, shi kansa bai san suna yi ba.

Ina kan hanyar dawowa daga aiki dabarar ta faɗo mini, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau. Jita ita ce kyautar da ba wanda zai yaba a ƙauyenmu, balle ya karɓa. Ladan ba zai rataya ta ya je kiran sallah ba. Mai taki ba shi da inda zai cusa mata tsumma.

Da na gaya wa maigidana sai ya ajiye kofin kunun da ke hannunsa. "Malamin makarantar allo za ki saya wa jita? A watan azumi?"

"Ai ba a watan zai kaɗa ba," na ce.

Ya dai kai ni kasuwar, amma ya ce zai jira a mota, kada wani ɗan masallacinsu ya gan shi a ƙofar shagon kayan kiɗa.

Mai shagon wani dattijo ne mutumin kudancin Kaduna, Hausarsa ta fi tawa tsabta, kuma yawancin masu saye a wurinsa 'yan coci ne. Ya dube ni da hijabina har ƙasa, ya miƙe ya nufi inda ya jera lasifikokin masallaci. Na ce masa jita nake so. Ya tsaya, ya sake dubana, sannan ya jawo mini kujera.

Da farko ya nuna mini masu amfani da lantarki. Na ce ya mayar, wutar ƙauyenmu baƙuwa ce, ba a sanin ranar zuwanta, kuma ni ba na son abin da za a haɗa da lasifika. Wadda ke magana da cikinta nake so. Ya sauko da guda uku ya jera a gabana, duk masu tsirkiya shida. Ban san komai game da jita ba, amma ni 'yar Inna ce, na san yadda ake zaɓen ƙwarya. Na ƙwanƙwasa bayan kowace na kasa kunne, na leƙa ramin cikinta, na shafa gefe ko akwai tsaga, har shinshinawa na yi. Mutumin ya yi haƙuri da ni, ya juya yana goge kanta don kada in ga yana dariya.

Ina cikin haka sai idona ya kai can sama kusa da rufi. Wata ce rataye ita kaɗai, ja-ja-ja mai ƙyalli, kanta dogo, an jera masa abin murɗawa dama da hagu har ba wurin sa yatsa.

"Waccan fa?"

"Mai tsirkiya goma sha biyu ce, Hajiya. Waccan ba taku ba ce."

Da ya san ni da bai faɗi haka ba. Na ce ya sauko da ita.

Ya sauko da ita yana yi mini bayani. Kowace tsirkiya da abokiyarta a gefenta, bibbiyu ake danne su lokaci ɗaya. Ya tambaye ni wa zai kaɗa, kuma yaushe rabonsa da taɓa jita. Na ce yayana ne, rabonsa da ita tun kafin in san ɗaura ɗankwali. Ya girgiza kai. Ya ce wannan tana cin yatsu, wanda ya daɗe bai kaɗa ba zai sha wuya. Na ce mutumin da fartanya ba ta ci yatsunsa ba, waya ce za ta ci su? Ya ce saita muryarta sai mai haƙuri, domin kafin ka gama da ta ƙarshe ta farko ta saki. Na ce mutumin da ke koya wa 'yan shekara biyar baƙi da wasali safe da yamma nake magana a kai. Ya ce to akwai ƙara, in aka kaɗa ta kamar mutum biyu ne ke kiɗa. Na ce madalla, ashe ma riba ce.

Gaskiyar magana, duk wannan musun ado ne, tun da na gan ta na riga na yanke hukunci. A wurinmu kukuma tsirkiya ɗaya gare ta, garaya biyu, molo uku, don haka a lissafina yawan tsirkiya shi ne girman abin kiɗa. Ba zan iya ɗaukar mai shida in kai wa mutumin da ya rene ni ba, alhali na san akwai mai sha biyu rataye a shagon. Daidai yake da in kai masa rabin turmin shadda.

Mai shagon ya ga ba zan tanƙwaru ba, sai ya ɗora ta a cinya ya ja yatsansa sau ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Sautin ya cika shagon ya ƙi mutuwa, yana ta kaiwa da komowa. Na tuna ina azumi na ce astagfirullah, sannan na ce ya sake.

Shirina mai sauƙi ne. Na naɗe ta a cikin sabuwar darduma, na ɗaure da igiya sama da ƙasa. Zan kai ta gida ranar jajibere, in tura ta ƙarƙashin gadon Inna, bayan sallah in kira Yaya gefe in ba shi, daga ni sai shi. In ya so ya koma da ita rumbu.

Na manta cewa ba a taɓa shigo da ƙunshi gidanmu Inna ba ta kwance shi ba. Mun isa da azahar, ana tsananin zafin bazara, Yaya ya fita rabon zakkar fidda-kai. Na ajiye kaya na zagaya in yi alwala. Ina dawowa na tarar da Inna a tsakar gida, ta miƙe ƙafa, jitar tana kwance a cinyarta kamar jaririn da aka kawo mata barka, matar Yaya kuma tana tsaye a kanta da muciya a hannu.

"Wannan garayar ta wa ce?" in ji Inna.

"Ta Yaya ce. Inna, don Allah ki rufe, sirri ne."

"Da guminki kika saya?"

"E."

"To sata ce da za a ɓoye?"

A al'adarmu, in an yi wa ɗan gida kyauta, ba a shigar da ita ɗaki sai an zaga da ita gida-gida. Dangi da maƙwabta su gani, su taɓa, su sa albarka, daga baya kuma su zo su taya godiya. Haka aka yi wa shaddar, haka aka yi wa agogon da takalmin. Inna ba ta wasa da wannan, domin a wurinta shi ne shaidar cewa 'ya'yanta suna riƙe da zumunci. Na roƙe ta, na tuna mata cewa nan gidan malamai ne, kuma Yaya yana da yaran mutane a zaurensa. Ko a jikinta.

"Ni ban ce a kaɗa ba," ta ce tana yafa mayafi. "Nunawa za a yi."

Haka muka fita. Inna a gaba, matar Yaya a tsakiya ta yi gammo ta ɗora jitar a ka, ni a baya ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Muka bi 'yar hanyar da ta ratsa gonaki, inda aka jibge taki tuli-tuli ana jiran ruwan shuka, rana tana dukan jitar tana walƙiya, duk wanda ke nesa ma sai ya waiwayo.

A kowane gida mata suka bar aikin tuwon sallah suka kewaye ta. Kowace sai ta ƙirga tsirkiyoyin, kuma ba a samu biyu da lissafinsu ya zo ɗaya ba. Inna ce ke raba gardama. "Sha biyu ne cif. Akwai mai shida a shagon, ta ƙi." Ban san lokacin da na gaya mata haka ba, amma ta faɗe shi a kowane gida da irin muryar da take ba da labarin wanda ya sauke Alƙur'ani. Wata gwaggonmu ta leƙa ramin ta ce zai ci gero kwano guda. Wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta shafa ta daga wuya har gindi ta ce, "Allah ya sa a kashe lafiya," abin da ake ce wa mai sabuwar riga.

Gidan ƙarshe shi ne na Baffa, ƙanin babanmu, kuma limamin ƙauyen. Yana zaune a zaurensa yana jan carbi muka wuce ta gabansa. Muka durƙusa muka gaishe shi, matar Yaya ta durƙusa da jitar a kanta. Ya amsa gaisuwar, amma carbin ya tsaya a hannunsa, kuma bai ci gaba da ja ba har muka fito.

Kafin Yaya ya dawo gida labari ya riske shi a hanya daga bakuna daban-daban. Ya shigo dab da shan ruwa, ya ga jitar jingine da bangon ɗakin Inna. Ya tsaya nesa da ita, hannuwansa a baya. Ya tambaye ni hanya, ya tambayi yara, sannan ya ce, "Allah ya yi albarka, Auta," ya fita masallaci. Ko taɓa ta bai yi ba. Kunun shan ruwa ma kasa sha na yi. Na so in ba shi abin da zai ɓoye ya ji daɗinsa, ga shi na sa shi a tsakiyar gari da ita.

Washegari bayan an sauko daga idi zaurenmu ya cika. Inna ta sa an shimfiɗa tabarma an kwantar da jitar a tsakiya, domin ba a taya godiya a kan abin da ba a gani. Mu mata muka taru a bayan ƙofar zaure ta cikin gida, muna leƙe ta gefen asabari. Maza suna shigowa, su gaisa da Yaya, su ce an gode, Allah ya ƙara zumunci, idonsu yana kan rufi ko kan yatsun ƙafarsu. Babu wanda ya ce ta yi kyau. Ladan ma, wanda bai taɓa ganin sabon abu ya yi shiru ba, sai maganar zafin bana yake yi. Duk da fargabar da nake ciki, na ɗan ji daɗi a raina, dabarata tana aiki.

Baffa ya yi gyaran murya. "Yarinya ce," ya ce, "kuma da kyakkyawar niyya ta yi. Zaman birni ne." Yarinyar da yake nufi ta haura arba'in, har da furfura a ƙarƙashin ɗankwali.

Sai aka yi sallama. A duk lissafin da na yi na manta da mutum ɗaya, tsohon mai garaya na ƙauyen da ke gaba da mu, wanda ke yi wa mafarauta kiɗa, yake kuma zagayen barka da sallah duk shekara. Labari ya kai masa tun jiya. Ya shigo da garayarsa a rataye, ya gaisa a gurguje, ya tsuguna gaban tabarmar. Ya daɗe yana kallo. Ya ƙirga tsirkiyoyin da yatsa ba tare da ya taɓa su ba, ya dubi biyun da ke jikin tasa, ya sake ƙirgawa.

"Allah ya gafarta Malam," ya ce, "tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba."

Na ji mutanen zauren suna sauke ajiyar zuciya. Kowa ya san abin da zai biyo baya, kuma kowa ya ga mafita. Malam zai yi abin da ya saba, abin kiɗa zai koma hannun makaɗi, gidan malamai ya wanke, a ƙara da yabon kyautarsa. Baffa ya yi murmushi, karon farko tun jiya.

"To, alhamdulillahi," ya ce. "Allah ya kawo mai ita."

Na damƙe hannun matar Yaya har sai da ta ce wash. Duk musun da na sha da mai shago, duk kunyar da na kwasa a gonakin mutane, ga shi za a je ana yi wa karnukan farauta kiɗa da ita.

Yaya ya miƙa hannu ya ɗauki jitar. Bai miƙa ta gaba ba, ya ɗora ta a cinyarsa, kuma daga yadda ta zauna, daga yadda hannunsa na hagu ya kama wuyanta, duk wanda ke zauren ya gane ba yau suka fara haɗuwa ba. Ya jingine ta a jikinsa, ya cire babbar rigarsa ta sallah, sabuwa dal wadda matarsa ta ɗinka masa, ya ninke ya miƙa wa mai garaya.

"Ga wannan, Baba, barka da sallah. Ita kuwa wannan ƙanwata ce ta ba ni. Tawa ce."

Baffa ya dube shi. "Malam, ka san abin da za a ce?"

"Na sani, Baffa."

Mai garaya ya karɓi rigar yana ta godiya, shi ko kaɗan bai ga asara ba. Matar Yaya ta ce ƙasa-ƙasa, "Rigata ce ta tafi." Ni kuwa na zauna a ƙasa bayan ƙofar ina hawaye, Inna tana tambayata ko wani abu ne ya faɗa mini a ido.

Abin bai tafi a banza ba. Wasu gidaje sun janye yaransu zuwa wata makarantar, kuma Baffa ya daɗe yana amsa gaisuwar Yaya a taƙaice. Yaya bai yi gardama da kowa ba, bai kuma fasa fita karatun asuba da waɗanda suka rage ba. Maganar ƙara da mai shago ya yi ita ma gaskiya ce. Yaya ya gwada a ɗaki ya rufe ƙofa, maƙwabta suka aiko tambaya ko baƙi aka yi. Da ya ga ba inda zai ɓuya, sai ya daina ɓuya. Ranar Alhamis da ba a karatu yakan ɗauke ta bayan la'asar ya tafi gindin ɗorawar da ke gonarsa. Matarsa ta ce saitawar ta fi kiɗan tsawo. Na je na saurara da kunnena, kuma ba zan yi ƙarya don ɗan'uwana ne ba, bai iya sosai ba. Yakan tsaya a tsakiya ya girgiza yatsu ya hura musu iska, sannan ya koma farko.

Wata rana da damina ina wurin aiki sai wayata ta yi ƙara, na ga lambarsa. Yaya ba ya kira sai da sanarwar haihuwa ko rasuwa, kuma na san babu mai ciki a gidan. Na fita baranda na ɗauka.

"Wa ya rasu?"

"Babu kowa, Auta. Kowa lafiya."

Ya tambayi maigidana, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya ba ni labarin gero ya fara fitar da kai.

"Dama," ya ce, "in Allah ya sa kin shiga kasuwa, ba na gaggawa ba ne. Siririyar tsirkiyar nan ta tsakiya ce ta tsinke. Ko za ki sayo mini?"

Tun da na buɗe ido na gan shi a duniya, Yaya bai taɓa roƙona komai ba, ko ruwan sha shi yake tashi ya ɗebo. Ina cikin wannan tunanin sai ya ce, "Kina ji na?" Na ce ina ji, zan sayo.

"Ki sayo biyu," ya ce. "Hannuna yana da nauyi."